Jirgin Yahuza da Rufinsa Uku

A kakar shekara ta 1964, ana tsakiyar ɗaurin damman gero, wata kamyo, babbar motar kaya mai jigilar gyaɗa, da ta dawo daga Kano wayam ta tsaya a Garin Jika, ƙauyen da ke tsakanin Gangara da Belbeji a ƙasar Damargu, ta sauke Yahuza da jirgin ruwa.

Mutanen gari sun san Yahuza, don haka jirgin suka tsaya kallo. Kwale-kwale ne na itacen rimi, taku goma sha biyu, an sassaƙe shi daga gungume guda. Kafin ya tafi cin rani Yahuza ya sayar da takarkarinsa na jan ruwa, ya ce zai juya kuɗin. Ya ci rani, ya zarce ya ci damina, ga abin da kuɗin suka juye suka zama. A faɗarsa, wata bakwai ya yi yana tuƙi a kogin Wudil, har tsofaffin masunta kan zo su ga yadda yake riƙe gora. Direban kamyon kuwa ya ce shi dai dakon buhuna ya ga Yahuza na yi, kuma sau ɗaya ya taɓa ganinsa cikin jirgi, a kwance, ido rufe, yana salati. Amma direba ya wuce Tanut, Yahuza ya zauna, sai tasa maganar ta zama tarihi.

Yamma da gari akwai tafki. In damina ta yi kyau yakan cika ya tare gajeriyar hanyar kasuwar Belbeji, mai wando ya naɗe wandonsa ya ratsa, mai jin ƙyuya ya kewaya. Tun kafuwar garin ba a ji wanda ya kai ƙarar tafkin nan ba. Yahuza ne ya fara gano cewa mutane na cikin wahala.

Ya tafi ƙofar Maigari Audi ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, garin da ba shi da Sarkin Ruwa ai ƙauye ne."

"To ai ƙauyen ne, Yahuza."

"Shi ne na zo in fid da mu."

"Bara waccan Sarkin Noma ka nema, gonarka ta ba da dami tara. Kafin nan Sarkin Baka, ka harbe jakin liman."

"Ranka ya daɗe, jakin ne ya gitta."

"A ɗaure yake." Maigari ya ɓare goro, ya daɗe yana tauna. "To ji nan, ga dattawa shaida. Ranar da jirginka ya ɗauke ni daga wannan gaɓa ya ajiye ni a waccan, takalmina a bushe, ran nan zan naɗa maka rawani a gaban kowa. In ko bai yi ba, kada in sake jin kalmar sarauta a bakinka har in mutu."

"An gama, ranka ya daɗe! A dai tanadi rawanin, mai kamu goma."

Saura ƙaramar matsala guda. Tafkin ya riga ya janye, sai taɓo da sawun shanu, ruwa kuma sai bayan wata takwas. Jirgi ya ƙi shiga ta zaure. Yahuza ya ce a kayar da danga, matarsa Zalika ta ce danga tata ce, ita ta kafa ta da hannunta lokacin da wasu ke can suna koya wa masunta aiki. Aka bar jirgi a ƙofar gida, a fili, shi da ranar Damargu. Kwana goma sai ga 'yan tsage-tsage a jikinsa kamar dugadugan manomi.

A duk garin mutum ɗaya ce ta taɓa ganin jirgi a bakin aikinsa, ita ce Asibi, ƙanwar kakar Yahuza, wadda ta yi zaman aure shekara ashirin a Ngigmi, bakin tafkin Cadi. Ta dogara sanda ta zo, ta kewaya jirgin sau biyu, ta ƙwanƙwasa shi.

"Kai, mijin banza, zo nan. Ɗora shi kan duwatsu, kada cikinsa ya taɓa ƙasa. Ka kafa masa rumfa sama, iska na shiga tana fita. Juma'a-Juma'a ka watsa masa ruwa salka guda. Shi ke nan."

"Ruwa?" in ji Zalika daga bakin zaure. "Rijiya gaba arba'in, takarkari kuma an mai da shi katako. Wa zai ja? Malam, in ni ce, a fasa."

"Ba mai jan komai," in ji Yahuza. "Tsohuwa, jiragenku na Cadi ai na ciyawa ne, ɗaurin tsintsiya. Wannan jirgin Kano ne. Ilimin ya wuce ki."

"Allah ya sa da ya wuce ni ya tsaya a kanka," in ji Asibi, ta koma inuwa.

Rumfa, a ganin Yahuza, aikin malalata ce. Abu mai daraja lulluɓe shi ake yi ruf. Ya cika cikin jirgin da harawar wake da ta gyaɗa, wai don itacen ya kwanta a kan taushi, ya kawo zana shida ya rufa, ya ɗaure da igiyar kaba. Ya ja da baya ya duba, ya ce ko a Wudil ba a taɓa yin irinsa ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Kwana biyu da gamawa aka yi shelar sakin dabbobi, tunda kowa ya kwashe amfanin gonarsa. Awaki suka fara zuwa. Jakuna suka biyo su. Da hantsi raƙuman wasu Buzaye da ke wucewa suka ratse daga hanya, babban cikinsu ya sa baki ya ɗage zana guda sukutum kamar mai buɗe akushi. Yahuza ya fito da sanda, ya kori na gaba, na baya suka shiga. Ya kori na baya, wani jaki ya taka masa ƙafa ya tsaya a kai yana tauna, ba gaggawa.

"Jama'a, ku janye dabbobinku!"

"An saki dabbobi, Yahuza," in ji wani daga gindin aduwa. "Kai ne ka kafa musu walima."

Kafin la'asar ba harawa, ba zana, igiyar ma an ci rabinta. Abin da ya rage a cikin jirgi ita ce baƙar akuyar Asibi, wadda ta ga wurin ya yi mata, ta haifi 'ya'ya biyu a goshinsa.

"Tsohuwa, zo ki ɗauke akuyarki."

"Mai jego ce. Ba ta tashi sai ta yi arba'in."

"A cikin jirgin sarauta?"

"Ka gode Allah. Ka samu fasinja uku tun ba ruwa."

Da Yahuza ya ga haka sai ya ce dama gwaji ya yi. Ya hau jakin aro ya tafi Tanut neman tampol irin na rufin kamyo. A tasha direbobi suka tambaye shi me zai rufe, ya ce jirgin ruwa. Suka ce a ina jirgin yake, ya ce Garin Jika. Wani direba ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Yahuza ya dawo hannu rabbana, ya sanar da majalisar gindin aduwa cewa ya duba tampol ɗin da kyau, ya ga aikin Nasara ne, ba ƙarko. Fata ta fi. Buzu a cikin fata yake kwana, rana ba ta taɓa fasa shi ba.

Ran kasuwa ya je wurin Dado, Sarkin Fawa, ya karɓo ɗanyun fatun shanu biyar, jini bai ko bushe ba.

"A kai wa majema tukuna," in ji Dado. "Ta Buzu jemammiya ce, an shafe ta da man shanu."

"Jima ɓata lokaci ne. Ɗanya ta fi bin jiki."

"Tana bi kam. Ka taɓa ganin yadda ake rufa ganga?"

"Sarkin Fawa, kai da wuƙa, ni da ruwa. Kowa ya tsaya a gonarsa."

"To. In ka ji ta fara magana, kada ka ce ban faɗa ba."

Yahuza ya naɗe jirgin da fatun, ya huda, ya ɗinke da igiyar fata, ya sa ƙafa ya ja tamau ta ko'ina, ba inda ƙuda zai sa kai. Ƙudaje ba su damu da shiga ba, waje ma ya ishe su. Rana ta biyu wari ya kai rijiya. Rana ta uku ungulaye suka jeru a kan zauren Yahuza, goma sha huɗu, suna duban ƙasa da haƙuri irin na masu jiran gado. Karnukan gari suka tare a wurin, na rugar Fulani suka zo taya su. Zalika ta kwashe tukwanenta ta koma girki gidan Asibi. Liman, wanda masallacinsa ke ƙarƙashin iska, ya gajarta karatu har tsofaffi suka fara yaba masa.

"Malam, mutane na magana," in ji Zalika, gyale a hanci.

"Hassada ce."

"Ungulayen ma?"

"Ke ba ki san warin bakin kogi ba. Haka Wudil take."

"Shi ya sa ka daɗe ba ka dawo ba, kana jiran ya sake ka."

Rana ta shida wari ya lafa, fata ta bushe, Yahuza ya fito yana taƙama yana cewa wa ya ce wa ya ce. Da rana ta take tsaka sai aka ji jirgin ya yi ƙiiii, kamar ƙofar da ba a shafa wa mai ba. Ya yi shiru. Ya sake. Can sai ƙaaas! har ungulaye suka tashi.

Mutane suka taru. Fata ta tsuke, ta matse jirgin, ta jawo bakinsa biyu sun kusa haɗuwa, ta kuma lanƙwasa shi ya yi kamar jinjirin wata. Dado ya zo, ya sa yatsa ya buga. Sauti ya tashi, dimmm, har bayan gari.

"Kai, ta yi," in ji Dado. "Saura makaɗi."

Wuƙa ta kasa fatar. Sai da aka sa gatari, yini guda, kuma Yahuza ya ce shi zai sara da kansa, don ba kowa ya san jijiyar jirgi ba. A sara na uku ya cire masa baki kamu guda. Da aka gama ɓarewa sai ga tsaga tun daga goshi har tsakiya, hannun mutum na shiga.

"Jirgi mai lanƙwasa ya fi saurin juyawa," in ji Yahuza. "Da gangan wasu ke yi."

Ya dafa ƙaro, ya cusa tsummoki a tsagar, ya liƙe.

"Ƙaro?" in ji Asibi. "Wanda malamai ke jiƙawa a ruwa su haɗa tawada?"

"Wannan na ƙasar Belbeji ne. Ya fi ƙarfi."

"Ruwan ne za a gaya wa, ba ni ba."

Yanzu saura wata biyar, kuma majalisar gindin aduwa ta fara kiransa Sarkin Ruwa da irin muryar da ba ta yi masa daɗi. Ya kwana biyu yana tunani, abin da bai saba ba. A rana ta uku ya fito da fuskar wanda aka yi wa wahayi.

"Me ya fi komai daraja a Damargu?"

"Gero," in ji majalisa.

"A ina ake ajiye shi?"

"Rumbu."

"Rana na cin sa? Akuya na cin sa? Ungulu na sauka? To, zan gina wa jirgina rumbu a kwance."

Ya kira Ila magini, taubashinsa, wanda rabin rumbunan garin aikin hannunsa ne. Ila ya auna jirgin da taku, ya tofar da yawu.

"Za a yi. Amma rumbu kan duwatsu ake ɗora shi. A fara da duwatsu."

"Wannan tsohuwar ce ta aiko ka? Ba duwatsu. Iska za ta shiga ta ƙasa ta busar min da shi."

"To. Ƙasa kuma ta shuri za mu sa, ita ce ba ta tsagewa. Akwai mataccen shuri can hanyar Gangara, jakuna uku, sawu goma."

Kowa a ƙasar ya san wannan: ƙasar da gara ta gina gidanta da ita ta fi kowace ƙasa danƙo, maginin kirki ita yake nema. Amma sai shurin da masu shi suka tashi suka bar shi, a daka ƙasar, a shanya ta a rana kwana da kwanaki kafin a kwaɓa.

"Hanyar Gangara!" in ji Yahuza. "Ga shuri nan bayan gidana ya fi ni tsawo."

"Mai rai ne, bawana."

"Shi ya sa na zaɓe shi. Kai in za ka sayi doki, matacce kake nema?"

"Masu gidan na ciki."

"Gara ai ƙasa take ci. In ta ci ta ƙoshi ta kwanta. Ila, kai magini ne ko mai wa'azi?"

Ila ya dubi sama, ya dubi dattawan da ke zaune. "Kun dai ji. Ni hannu ne, kai nasa ne."

Aka fasa shurin, aka kwaso ƙasar da ɗuminta, manyan ɓaraguzai da ramukansu da abin da ke cikin ramukan. Yahuza ya hana a daka da kyau, ya hana a shanya, wai ƙarfin zai fita. Aka kwaɓa da ciyawa da kashin jaki, aka kife jirgin a ƙasa, Ila ya gina masa kabari, wato rufi, mai kaurin taƙi biyu, ya shafe sumul, bai bar ko ƙofar allura ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ila bai iya mummunan aiki ba ko da an sa shi.

Rana ta yi iyakar ƙoƙarinta, ginin bai tsage ba. Akuya ta hau ta sauka. Abin da kawai ya ɗan dami Yahuza shi ne matafiya. Duk baƙon da ya biyo hanya, in ya ga dogon tudun nan a ƙofar gida, sai ya tsaya ya cire takalmi ya ɗaga hannu. Wani tsohon Buzu ya sauko daga raƙumi, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya tambayi Zalika wane ne marigayin, don shi bai taɓa ganin mutum mai tsawon haka ba.

"Takarkarinmu ne," in ji Zalika. "Allah ya jiƙansa, ya yi mana aiki."

Da zafin bazara ya kama, wata rana Ila ya zo wucewa ya kara kunne a jikin ginin. Ya kira Yahuza ya ce shi ma ya kara. Can ciki ana jin wani sas-sas-sas, siriri, ba tsayawa, kamar mata na tankaɗe a gida mai nisa.

"Ka ji?"

"Na ji. Itacen ne ke numfashi. Lafiyayyen rimi haka yake yi."

"A fasa a duba mana."

"In rana ta shiga fa? Ba mai taɓa shi sai ran naɗi."

Ruwan fari ya sauka da ƙarfinsa. Washegari da safe, ta wata 'yar kafa da ruwa ya buɗe a gindin ginin, gina ta fara fitowa, wato garar nan mai fiffike, manya-manya, masu maiƙo. Ta yi ta tashi kamar hayaƙi. Matan unguwa suka fito da ƙorai da tsintsiya, kowa ta cika. Zalika ta soya tata da gishiri da barkono, Yahuza ya cinye akushi guda, ya nemi ƙari.

"Kun ga albarkar jirgi?" ya ce wa majalisa, yana suɗe yatsa. "Tun bai shiga ruwa ba ya fara ciyar da gari."

Ila ya dubi kafar nan ta gindin ginin, ya ɗebi ginar shi ma.

Damina ta kankama, tafki ya cika. Maigari ya sa rana, ran kasuwar Belbeji da hantsi, don kowa ya gani. Labari ya kai Gangara, mutane suka zo har da masu tallan ƙosai. Makaɗi ya zo. Maigari ya zo da sabon takalmi, dogarinsa riƙe da rawani fari ƙal, kamu goma, kamar yadda aka nema. Yahuza ya fito cikin babbar riga mai aska biyu, riƙe da gora.

Aka sa magirbi aka fasa ginin, da ƙyar, don Ila ya yi aiki. Ga jirgi kwance, cikakke, da lanƙwasarsa da komai, sai dai jikinsa duk zanen jar ƙasa ne kamar an yi masa ado.

"Wa ya ce?" Yahuza ya daka tsawa. "Wa ya ce ba zai kai ba? Ina tsohuwa?"

"Ga ni, mijin banza. Ɗaga shi mu gani."

Ranar da aka sauke jirgin daga kamyo ƙarti goma ne suka ɗauke shi suna nishi. Yau Dado da Ila suka kama, suka ɗaga, suka kusa faɗuwa ta baya don rashin nauyi. Suka dubi juna.

"Yahuza," in ji Dado, "wannan ai ko faifai ya fi shi."

"Shi ake nema! Jirgin ƙwarai kamar ƙwarya yake. Ku bi a hankali."

Suka bi a hankali, don inda duk yatsa ya danna sai ya shige. Wani gari-gari na zuba a bayansu tun daga ƙofar gida har bakin tafki, kaji na bi suna tsattsaga. Aka ajiye shi a kan ruwa. Ya yi iyo. Makaɗi ya saki kiɗa, mata suka yi guɗa, Yahuza ya ɗaga gora sama kamar wanda ya ci yaƙi.

"Bismilla, ranka ya daɗe. A shiga."

Maigari ya dubi jirgin, ya dubi takalminsa, ya dubi gari-garin itacen da ke bin ruwa.

"Mai abu shi ke fara ɗanɗanawa. Kai shi tsakiya ka dawo, in ga tuƙin Wudil."

Yahuza ya tattare riga. Ya sa Dado da Ila su riƙe jirgin, ya shiga a hankali ya durƙusa, suka tura shi. Ya tafi taku goma, taku ashirin. Ƙaro ya ji ruwa ya tuna aikinsa na tawada, tsummoki suka fara fitowa ɗaya-ɗaya suna bin jirgin a baya. Da ma Yahuza ya zauna a durƙushe, wataƙila da ya ƙara taku biyar. Amma jama'a na kallo, kuma ba a san Sarkin Ruwa da durƙuso ba. Ya miƙe tsaye, ya buɗe ƙafafu, ya kafa gora, ya juyo ya ɗaga wa Maigari hannu.

Ƙafarsa ta dama ta fara wucewa. Ta hagu ta bi ta. Ba wata ƙara mai yawa, ɓurum kawai, kamar an taka busasshen duma. Yahuza ya sauka tsaye ta cikin jirginsa har ya taka ƙasan tafki, ruwa iya cinya, taɓo iya gwiwa, jirgin kuwa ya taso ya tsaya masa a ƙugu. Goshi ya ɓalle ya yi gabas. Gindi ya yi yamma. Abin da ya rage ya narke a hankali ya bazu a kan ruwa kamar dusa, 'yan garar da ba su samu fita ba suna iyo a kai.

Makaɗi ya tsaya. 

"Ina sauran jirgin?" in ji wani baƙo daga Gangara.

"Mun soye," in ji Asibi. "Shi ya ci akushi biyu."

Wasu mata uku masu zuwa kasuwa, da suka gaji da jira, suka ɗage zane zuwa gwiwa suka ratsa ta gefensa da ƙorai a ka. Ta ƙarshen ta ce masa sannu da aiki.

"Ruwan ne!" Yahuza ya yi ihu. "Ruwan Damargu kanwa gare shi! A Wudil da..."

"Fito ka gaya mana a tudu," in ji Maigari.

Ya ja ƙafar dama, ta hagu ta nutse. Ya ja ta hagu, ta dama ta ƙara shiga. Ya dogara da gora, gora ta kafe ta ƙi fita. Babbar riga ta sha ruwa ta yi nauyin buhu. Ruwa ya kai masa cibiya, muryarsa ta sauya.

"Ila! Sarkin Fawa! Don Allah!"

Aka nemi igiya, babu, don naɗi aka zo, ba jan rijiya ba. Maigari ya yi ajiyar zuciya, ya karɓi rawanin daga hannun dogari, ya warware shi kamu goma, ya miƙa wa Dado. Dado ya shiga ruwa ya jefa bakin. Yahuza ya cafke da hannu biyu. Aka ja, mutum shida, da waƙar jan guga. Taɓo ya sake shi da wata irin ƙara marar mutunci, ya riƙe takalma da wando a madadinsa. Aka jawo shi a kan cikinsa har gaban Maigari.

Ya tashi zaune, ya ja riga ya rufe gwiwoyi, ya tofar da ruwa. Har yanzu bakin rawanin na hannunsa, baƙi ƙirin da taɓo. Ya dube shi, ya dubi taron, sai idonsa ya ɗan yi haske.

"Ranka ya daɗe, tunda dai ya riga ya shigo hannuna, kuma a gaban shaidu..."

"Zalika," in ji Maigari, bai ko dube shi ba, "karɓe rawanin nan ki wanke. Ki kawo gidana ki shanya. Kada ki bari mijinki ya nemo masa abin rufi."